Shekara Ukun da Na Cire wa Kunkuru

Ɗan ƙanena ne, amma a garejin da ya koyi gyaran babur ba wanda ya san shi da wani suna sai Kunkuru, don ba ya gudu. Mutum ne da zai kunna sigina a lungun da ko akuya babu. Hular kwano biyu gare shi, kuma in ya goya ka ba ka ɗaure igiyarta a haɓa ba, wallahi sai dai ku wuni a nan. Ni kaina mun sha faɗa da shi a kan ɗaurin ɗankwalina, don hular ba ta zama a kansa.

Shekara bakwai ya yi tsugune gaban baburan mutane, farce duk baƙin mai, kafin ya sayi nasa na hannu ya gyara shi tsaf. Gwajin lasisi sau ɗaya ya yi ya ci.

Sai wani kamfanin kai magunguna asibitoci ya nemi masu babur. Manajan ya gwada shi, ya yaba, ya ce ya kawo takardar inshora ran Litinin ya kama aiki. Albashi duk wata! A gidanmu ba wanda ya taɓa samun irinsa.

Ran Laraba na raka shi ofishin inshorar, don ni ce mai cike fom a danginmu tun da na gama sakandare. Yarinyar da ke bayan gilashi ta dubi lasisinsa, ta danna kwamfuta, ta faɗi kuɗi. Na ce ta sake faɗa.

"Mama, duk wanda bai kai ashirin da biyar ba kusan ninki uku yake biya. Matasa ne ke zubar mana da babura a titi."

"Wannan ɗin? Keke ma wuce shi yake yi!"

"Ni dai ashirin da biyu na gani."

Kuɗin ya fi rabin abin da zai samu a shekara. To wa zai yi aikin?

Abin da ya sa na ji kamar in haɗiye zuciya, Kunkuru ya cika ashirin da biyar tun watan jiya. Ina cikin ɗakin aka haife shi. Amma yana ƙarami ya yi doguwar jinyar ƙafa, bai shiga aji ɗaya ba sai da ya kai tara. Hedimasta ya ce ya yi girma. Ubansa tela ne, bai san kan takarda ba, ya miƙo mini biro. Ni kuwa da wayona na cire shekara uku, har ina cewa gata na yi masa, nan gaba ba mai ce masa ya tsufa da neman aiki. Daga wannan fom aka yi masa takardar haihuwa, daga ita aka yi katin shaida, daga shi aka yi lasisi.

Washegari muka tafi ofishin rajistar haihuwa. Layi tun daga bakin ƙofa har gindin matakala. Da muka isa taga, na zayyane wa jami'in komai, ban rage ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Baiwar Allah, kullum masu neman ragi nake gani. Yau ga mai neman ƙari. Ina katin asibitin da aka haife shi?"

"Gara ta cinye."

"To a kawo shaidu, a yi rantsuwa, a jira. Wata shida in an yi sa'a."

"Litinin fa muke so!"

"Wanda ya cire ai bai yi shawara da ni ba."

Na kwashe takardunmu na juya.

Muna fita wani mai jaka a hammata ya biyo mu, ya ce kafin gobe da rana zai kawo mana sabuwar takarda, har da hatimi. Na tsaya. Ai gaskiyar shekarunsa za a rubuta, wa aka cuta? Kunkuru ya ja ni gefe.

"Gwaggo, ran da na yi hatsari za su tono ta, su hana biya, su kuma ɗaure ni. Ƙarya ɗayar ma ta ishe ni."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni.

Ran Litinin ya je ya gaya wa manajan inshora ta gagara. Aka ba wani magidanci ɗan arba'in aikin, wanda duk unguwa ta san sau biyu yana karya ƙafa a kan babur. Inshorarsa da sauƙi, ai babba ne. Kunkuru kuwa manajan ya tausaya masa, ya sa shi a rumfar bayan kamfani yana gyara baburan masu kai kaya, ana biyansa gwargwadon abin da ya gyara.

Shekaranjiya na kai masa abinci, na tarar yana miƙar da kan baburin magidancin nan da ya lanƙwashe. Na fara masifa, ya ce in zauna kada mai ya ɓata mini zane. Na ce ko zai yafe mini. Bai ɗago ba.

"Gwaggo, miƙo mini sifana mai lamba goma. Shaidun nan na ofishin rajista kuma ke ce ta farko, ki shirya ran Talata."