Sarbo na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tirela, shi ya sa ko bayan ya ajiye aiki ba wanda ya daina kiransa Direba. Mutum ne mai jiki, mai tsabta, marar son hayaniya, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa kifar da kaya ba. Da ya dawo gida sai zama ya gagare shi. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya sake wa tukwanen matarsa jeri, har ta roƙe shi ya bar mata kicin ɗinta. Da 'yarsa ta ji labari ta aiko masa da wata ƙatuwar motar wasa mai manyan tayoyi, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Ita zolaya ta yi. Shi kuwa ya riƙe abin da gaske.

Kowace yamma yakan je filin da ke bayan gidan bulo, ya jera gwangwanaye layi biyu, ya yi ta shigar da motar da baya tsakaninsu. Wata biyu ana haka, sai mota ta fara yi masa gardama. Zai nufi dama, ta yi wani ɗan fizga hagu ta kwashe gwangwani.

Ya kai ta wurin Mai Rediyo, wani tsohon abokinsa da ke da rumfa a ƙarƙashin matakalar bene, inda ko miƙewa ba a yi sosai. Mai Rediyo ya cire murfin, ya nuna masa wani baƙin abu kamar kwalin ashana. Ya ce sunansa sarbo, shi ke juya tayoyin gaba, kuma haƙoran da ke cikinsa na roba ne, biyu sun cinye. Suka sa mai haƙoran ƙarfe.

Bayan kwana huɗu Direba ya dawo, ya ce wannan ba shi da ƙarfi, tayoyin sun fi ƙarfinsa. Mai Rediyo ya gargaɗe shi cewa mai ƙarfi cin wuta gare shi, sai an ja masa tasa wayar daga batir, in ba haka ba motar za ta riƙa ɗaukewa. Direba ya ce a ja. Aka ja. Ba a yi sati ba ya sake dawowa, wai yanzu nawa ce matsalar, yana juya sitiyarin rimot sarbo yana tunani. Aka nemo na uku, mai saurin gaske. Shi ya fi duka muni. Tayoyin gaba suka riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Mai Rediyo ya auna komai a kan teburinsa bai ga laifi ba. Ran nan sai ya rufe rumfa ya bi shi filin. Ya karɓi rimot, shi da ko keke bai iya sosai ba, ya bi da motar tsakanin gwangwanayen sumul, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya mayar wa Direba, amma maimakon ya kalli mota sai ya zuba wa hannun Direba ido. Babban yatsa da manuniya suna rawa a kan ɗan sitiyarin, rawa 'yar kaɗan, wadda sabon sarbon ke ɗauka duka ya kai wa tayoyi.

"Yaya," in ji shi, "ajiye rimot ɗin nan, ka miƙo hannunka mu gani."

Direba bai miƙa ba. Ya sa hannun a aljihu, ya ce mai gyara in ya kasa gyara ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ya ɗauki motarsa a hammata ya tafi, ya bar gwangwanayen a jere.

Sati biyu bai leƙa rumfar ba, bai kuma je filin ba. A gida ya zama kamar an taɓa gidan rina, kowa ya yi magana sai ya sha faɗa. Wata safiya ya tasa matarsa a gaba, wai me ya sa kwanan nan take zuba masa shayi rabin kofi, ko rowa ta koya da tsufa. Ta daɗe tana goge faranti ɗaya kafin ta amsa.

"Malam, wata biyar ke nan ina yi. In na cika, a rigarka yake ƙarewa."

Ta ce rigunansa masu maɓalli ma ba wanki ya riƙe su ba, ita ta ɓoye su a ƙasan akwati don ta gaji da ganinsa yana fama da su yana juya mata baya. Ya zauna yana kallon hannun a kan gwiwarsa, yana motsi shi kaɗai kamar ba nasa ba.

Da ya je asibiti, likita ya sa shi ya zana da'ira, ya taɓa hanci, ya yi tafiya zuwa bango ya dawo. Ya ce ciwon jijiya ne, magani zai rage shi, amma ba zai raba shi da shi ba, kuma da sannu zai ƙaru.

Daga asibitin Direba ya wuce rumfar. Bai ba da haƙuri ba, Mai Rediyo ma bai nema ba, ya dai ture masa benci da ƙafa. Direba ya ce yana son sarbon da ya fi kowanne nawa, wanda ba kowace magana yake ji ba. Suka sa na huɗu, aka kuma rage wa rimot ɗin ji, yadda ƙananan motsi ba sa isa tayoyi.

Motar ta daidaita, ba duka ba. Yanzu matarsa kan raka shi filin, ta zauna a kan bulo da lemarta. Ran da hannun ya lafa yakan yi zagaye goma. Ran da ya tashi, ko kunna motar ba ya yi. Su ɗan zauna, ta yi masa hirar maƙwabta, sannan ta ɗauki rimot, shi ya ɗauki mota, su koma gida.