Hancinka Bai Yi Ƙarya Ba, Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran dattijon da muke kira Baba Mai Hanci a gidan gonar da muke kiwon shanun nama. Shekara ashirin da uku yana zuba musu abinci, kafin a kore shi da sunan ɓarawo.

Baba, mu muka laƙaba maka wannan suna don tsokana. Ba ka taɓa juye buhu a kwamin cin abincin shanu ba sai ka tura hannu har gwiwar hannu, ka ji ko da ɗumi a ciki, ka ɗebo ka sansana. Muna dariya, kana cewa, "Ku yi ta yi, sa ba shi da bakin kai ƙara." Ranar da na fara aikin sito, kai ka nuna mini yadda ake ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Da matata ta kwanta asibiti, sati biyu kana haɗa aikinka da nawa, ko a fuska ba ka nuna ba.

Da daminar bara rufin sito ya yi yoyo, masara da dusa suka yi fumfuna. Ka ce a zubar. Manaja ya ce a shanya a rana, a tankaɗe, a gauraya buhu ɗaya cikin uku masu kyau. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, rana tana busar da fumfuna, amma dafin da ta bari yana nan." Ya tambaye ka makarantar da ka yi.

Cikin wata biyu bijimai suka fara juya wa kwami baya. Gashinsu ya tashi, zawo ya ƙi tsayawa, ɗan tarin da suke warkewa cikin kwana uku ya riƙa kayar da su. Duk wanda aka ɗora a sikeli, sai a ga ya ja baya. Manaja ya tara mu, ya ce kai kake karkatar da abincin kana sayarwa. Ina tsaye a wurin, makullin sito a aljihuna. Da hannuna na yi gaurayen nan, amma na sunkuyar da kai saboda tsoron bakin aikina.

Bayan an kore ka, likitan dabbobi ya buɗe waɗanda suka mutu, ya tarar hantarsu ta kumbura ta yi ruwan ɗorawa. Gwaji ya nuna dafin fumfuna ne. Aka gyara rufi, aka jefa takardar gwajin a durowa. Babu wanda ya taka ƙofarka ya ce ka yi haƙuri, har da ni. Jiya na ga manaja a sahun gaba wurin gaisuwa, yana cewa an yi rashin mutumin kirki. Raina ya ɓaci, amma da wane baki zan yi magana?

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya bi maka hakkinka, ko da a kaina zai fara. Ga iyalinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku kuma 'ya'yansa da kuka shekara kuna sunkuyar da kai a unguwa, ku ɗaga. Mahaifinku bai ɗauki ko tafin dusa ba. Ni ne mai riƙe da makullin, kuma na sani tun ranar.