Kwali Mai Hoton Mage

Ni da magen Malam ba ma ga maciji. Shekara shida yana ɗora ta a cinya, ni kuma ina bin ta da tsintsiya. Da ya rasu sai aka bar mu mu biyu a gidan, ina takaba.

Ban yi kuka ba. A shigo gaisuwa in amsa, a fita. Wajen sati na biyar na ga ƙafafuna duk cizo, ita kuma magen susa take yi har wuyanta ya saɓule. Ƙuma ce. Ta rame, ko abinci ba ta dubawa. Na ce a raina, wannan ma tafiya za ta yi.

Kowa da nasa maganin. Wata ta ce toka, wata ta ce kananzir. Yayar Malam ta aiko daga Tudun Jukun da wani kwali, wai shi suke ɗiga wa karen gadinsu, sha yanzu magani yanzu ne.

Ina buɗe shi ke nan sai ga maƙwabciyata, Madam mai shagon maganin dabbobi, ta shigo duba ni. Ta fizge kwalin.

"Haba Hajiya! Ba ki ga hoton kare ba? Wannan kashe mage yake yi."

Na ce, "To."

"Nata daban ne, kuma da nauyinta ake bayarwa. Kilo nawa ce?"

"Ni ina zan sani?"

"Malam ya sani, a wurina yake saye. Duba kayansa."

Tun rasuwar ban taɓa durowarsa ba. Na ja. A ƙarƙashin hulunansa na ga kwali mai hoton mage, saura 'yar robar maganin ɗigawa ɗaya a ciki. A bayansa ga rubutun Malam: nauyinta, da jerin watanni, kowanne da alamar an ba ta, ban da watan da ya kwanta asibiti. Can ƙasa, da rubutu mai rawa, ya sa: "A buɗa gashin ƙeya a ɗiga, inda harshenta ba ya kaiwa. A riƙe ta a hankali, tana da tsoro."

Shi ai ya san yadda ake yi. Ba don kansa ya rubuta ba.

Na zauna a tabarma na kira magen. Ta tsaya daga nesa tana kallon hannuna, tana neman inda tsintsiyar take.