Gidan Baturiya a Bakin Kogi

Baturiya maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Shekara ashirin ta yi tana ɗauko yumɓu a ka daga bakin kogi zuwa cikin gari, sawu biyu kullum, har wuyanta ya ƙage, ba ta iya waiwaye sai ta juya jikinta duka. Da mijinta Wada ya rasu a 1952, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure, sai ta tafi wurin dagaci ta roƙi fili a bakin ruwa. Ya yi mamaki, amma ya ba ta.

Ƙaninta Ɗantani magini ne, shi zai yi aikin. Wurin da ta zaɓa shimfiɗaɗɗe ne, a gindin wata kanya, taku kaɗan daga ramin yumɓu. Sun fara buga tubali ke nan, sai ga Hamman, wani dattijon Bafulatani da ke shayar da shanunsa a mashayar da ke ƙasa. Bayan sun gaisa, ya tsaya yana kallon kanyar.

"Mai tukwane, nan za ki kwana da damina?"

"In Allah ya yarda, Baffa."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna mata wani reshe da ya fi tsayin mutum. Busasshiyar ciyawa da karare sun naɗe a jikinsa.

"Ba tsuntsu ne ya kai su can ba," in ji shi. "Ruwa ne, shekara huɗu da suka wuce. Kuma nan bayan lanƙwasar kogi ne, ta wannan gefen yake cin gaɓa. Ki hau can inda kika ga suri. Gara ba ta gini inda ruwa ke kwanciya."

Baturiya ba ta ji daɗi ba, domin tudun da ya nuna ya ƙara mata tafiya, ga hawa. Kwana uku tana shawara, sannan ta ce wa Ɗantani ya kwashe tubalin ya kai sama. Ya yi mata ɗaki biyu, ya sa duwatsu a tushen bango, ya shafe shi da makuba. Amma rumfar shanya da wurin gashin tukwane ta ce a bar su a ƙasa, kusa da yumɓu.

Damina biyu suka wuce lafiya. Wuyanta ya saki, ta yi ƙiba, tulunanta suna kaiwa har kasuwar Ƙafin Maiyaƙi. Sauro ne kawai ya dame ta, ta riƙa turara ɗaki da ganye tun la'asar.

A damina ta uku, wata ranar Talata da hantsi, rana tana haske, ko ɗigo bai sauka a garinsu ba, ta ji kogi ya canja murya. Ruwan da aka tafka a duwatsun Doguwa ne ya iso. Ta gangara da gudu, ta ɗauki tulu biyu, kafin ta koma ɗauko na uku ruwa ya kai mata gwiwa. Ta haura tudu ta zauna a ƙofar ɗaki, tana kallon aikin wata biyu yana narkewa, domin yawancin tukwanen ba a gasa su ba. Rumfar ta bi ruwa. Kanyar kanta ta karkata, saiwoyinta a waje. Ɗakinta kuwa ko laima bai yi ba.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da ruwa ya janye ta mayar da wurin gashi sama, ta dasa ciyawar jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa. Daga nan duk mai son yin gini ko lambu a bakin kogin sai ya biyo ta gidanta, ta zagaya da shi, ta nuna masa inda ruwa ke tsayawa.

Abin da ba wanda ya faɗa mata shi ne wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu cizo da rana a bakin ruwa mai gudu. Ƙaiƙayi ya fara mata a ƙafa, fatar ta yi dabbare-dabbare. Zuwa 1958 tana ganin mutum kamar ta cikin hayaƙi. Wani malamin asibiti da ya zo zagaye ya duba ta, ya ce ciwon masu zama a bakin kogi ne, cizon ƙudajen nan ke kawo shi.

Ɗantani ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ki dawo gari. Na gyara miki ɗakin Inna."

"In na dawo, me zan riƙa yi? In zauna a kawo mini tuwo?"

"Idonki fa?"

"Wanda ya tafi ya tafi. Hannuwana suna gani."

Sun daɗe suna jayayya, daga baya suka raba shekara gida biyu. Da damina, lokacin da ƙudajen suka fi yawa, tana gidan Ɗantani tana taya matarsa Hauwa ɓarar gyaɗa. Ana gama girbi sai ta sa a rako ta bakin kogi. Ɗantani ya ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa ramin yumɓu, tana bin ta da hannu. Tukwanenta na waɗannan shekarun ba su da zanen da aka san ta da shi, amma bakinsu daidai yake, kuma matan ƙauyen sun ci gaba da saye.