Littafin kalmomin Baba

Babanmu ya daɗe yana aikin tafinta a kotu a Yendi kafin ya yi ritaya ya koma gida Salaga. Abin da ya dawo da shi, ban da ciwon baya, shi ne jarabar wasan cike gurbi na jarida, wanda ake ba ka ma'ana da Turanci ka nemo kalmar, ka sa kowane baƙi a gidansa. Jarida ba ta isa Salaga sai ta kwana uku ko huɗu, sai jirgin fito ya ƙetaro da ita daga Yeji zuwa Makango. Kuma aro yake yi wurin wani akawu, ba damar ya yi rubutu a kai. Sai ya ɗauki rula da alƙalamin tawada ya zana gidajen a wani ƙaton littafi, ya cike su, a ƙasa ya jera kalmomin da ma'anarsu da Hausa.

Muna yara mun tsani littafin nan. Kana tsakiyar cin tuwo zai jefo maka tambaya, wai me ake ce wa ƙaramin kogi da baƙi biyar. Ni ce kawai nake amsawa, ba don ina so ba, don a bar ni in ci abincina.

Ina koyarwa a firamare a Yendi aka aiko cewa ɓarin jikin Baba ya shanye. Ya tashi, amma magana ta tafi. Mutumin da ya ci abinci da baki duk rayuwarsa, ga shi ko ruwa ba ya iya roƙa. Sai wata Asabar na ɗauki jarida na karanta masa tambaya ɗaya, don dai in kashe shirun. Ya jawo littafin da hannun hagu, ya yi ta buɗawa, ya ɗora yatsa a kan kalma. Daidai ne. Daga nan muka samu hanya. In yana jin sanyi ya nemo kalmar sanyi ya nuna, in miya ta yi gishiri ya nuna, har kalmar wawa ya taɓa nuna wa ƙanena. Littafin ba a jere yake kamar ƙamus ba, yadda ya gamu da kalmomin haka ya rubuta su, shi kaɗai ya san inda kowace take.

Shekara guda na yi ina zirga-zirga. Juma'a in tashi daga makaranta in hau lori, Lahadi in koma, hanya ba kyau, jiki duk ya mutu. Gaskiya na gaji. Akwai ranakun da nake karanta masa tambaya ina hamma, ina fata ya yi barci. Don haka da yayarsa, Goggonmu mai fataucin albasa a Bawku, ta ce za ta zo ta zauna jinya, har hamdala na yi. Na yi mako biyu ban leƙa ba, kuma ban yi mata bayanin komai ba.

Ranar da na dawo, ina shiga tsakar gida na ga takardu shanye a kan tabarma, an danne su da duwatsu, duk sun yi shuɗi-shuɗi, ba rubutu. Goggo tana gefe tana tsince shinkafa, fuskarta a sake.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Hatimin babanki ne," ta ce. "Na gani ƙarƙashin filo. Mutum ya rubuta ma kanshi magani haka da yawa, ku 'yan sukuru masu boko kun bar shi yana kallo kawai? Kullum yana nuna mini da yatsa, yana nunawa, na ce to na gane. Na wanke na ba shi, safe da yamma."

Ba ta san boko ba, amma ta san hatimi, tun tana yarinya take ganin malamai suna zana gida-gida suna sa baƙi a ciki, a wanke a sha. Shafi-shafi ta riƙa cirewa tana jiƙawa a ƙwarya, har da ɗan zuma take sawa don kar ya ƙi. Kwana goma sha biyu ta yi tana wannan hidima. Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ga hannuwanta duk tawada. Wa zan yi wa faɗan? Ni ce na tafi hutawa.

Na shiga ɗaki. Baba yana kwance, ga bangon littafin a kan ƙirjinsa. Bai dube ni ba.

Na sayo masa ƙamus a Tamale, sabo fil. Na karanta masa tambaya, na ga a idonsa ya san amsar. Ya buɗe ƙamus ɗin, ya juya shafi biyar ko shida, rubutun ƙanana, komai ba a inda ya ajiye shi ba. Ya rufe ya ture. Na gwada sake rubuta abin da nake tunawa, na cika shafi huɗu, ƙwaƙwalwata ta tsaya. Bayan wata biyu na daina kawo jarida.

Ranar da Goggo za ta koma Bawku na raka ta tasha, ina ɗauke da jakarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kin gani ko? Tun da ya sha ya samu sauƙi paa, sosai. Da kullum yana ta nuni, yana wahalar da kanshi. Yanzu ba ya neman komai."

Na ce, "Haka ne, Goggo. Allah ya saka da alheri."