Mai Karɓar Guggubin Gahawa

A ɗan shagon gahawa da ke kallon ƙofar asibiti nake zaune sa'ad da ya shigo, rungume da tukunyar fure kamar mai ɗauke da jariri. Dattijo ne dogo, rigarsa mai tsada ce amma duk ta yamutse, ya kuma saka maɓallanta a karkace. Furen jeraniyam ne ja, ganyensa na ƙasa ya soma rawaya.

Mai shagon ba ta jira ya tambaya ba. Ta ciro ledar da take tara guggubin gahawa, wato jiƙaƙƙen garin da ya rage bayan an tace, ta miƙa masa.

"Sannu, Baba. Ya mai jiki?"

"Ta rasu da safe," in ji shi, kamar mai faɗin farashin kaya.

Ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya ajiye tukunyar a kan tebur, yana ɗiban garin da yatsu yana barbaɗawa a gindin furen kaɗan-kaɗan, yana cuɗa shi da ƙasa. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ina jin wadda ta rasu ce ta koya masa, wataƙila matarsa, wataƙila 'yarsa, tana kwance tana kallon furen a bakin taga tana ce masa garin ya yi yawa, ya rage.

"Baba, ka zauna ka sha wani abu," in ji mai shagon.

Ya dubi yatsunsa da suka yi baƙi.

"Gobe ma ki ajiye mini," ya ce.