Matattu Tara a Rajistar Yaya Sang

Sang Gailan ba likita ba ce, ba ta taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Aikinta shekara talatin da ɗaya a asibitinmu shi ne bin sawun waɗanda aka yi wa aiki aka sallama. Ta kira waya, in waya ta ƙi ta hau bas, in hanyar bas ta ƙare ta taka da ƙafa, har sai ta gani da idonta ko mutum yana nan, ko yana iya haɗiyar abinci, ko kuwa ya tafi. Daga nan ta dawo ɗan ɗakinta na ƙasan bene ta rubuta a kati, ta buga jan hatiminta. Kowa Yaya Sang yake ce mata, har likitocin da suka girme ta, kuma kowa yana tsoron bakinta.

A nan gindin duwatsun Taihang babu gidan da bai san ciwon dajin maƙoshi ba. Mutum yana cin burodin turara lafiya lau, wata rana ya ji loma ta tsaya, ya kora da kunun gero, bayan wata shida kunun ma ya ƙi wucewa. Haka ya faru da babanta, Sang Laishun, mai fasa dutse. Tana da shekara goma sha bakwai aka yi masa tiyata a wannan asibitin. Kwana tara da aikin ɗinkin ciki ya saki, zazzaɓi ya rufe shi. A wajenmu kuwa ba a barin mutum ya cika a waje, sai a kan gadonsa. Yayyenta suka ɗora shi a amalanke, tana biye da bargo a hannu, suka kai shi gida. Kwana biyu ya ƙara.

Da ta samu aiki a asibitin tana da ashirin da huɗu, satinta na farko ta lalubo katinsa a ɗakin ajiya. An rubuta: an sallame shi, ya samu sauƙi. Layin ƙasa, inda ake rubuta abin da ya biyo baya, babu komai a ciki. Ta tsaya da katin a hannu cike da baƙin ciki, amma sabuwar ma'aikaciya ce, ga uwa da ƙanne a gida. Ta mayar da shi inda ta gan shi, shiryayye na uku, kusa da taga. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari cewa duk katin da ya bi ta hannunta ba za a yi masa haka ba. Na baban nata dai bai bi ta hannunta ba, kullum haka take gaya wa kanta.

To, shekararta ta ƙarshe kafin ritaya ta zo daidai da babban binciken Farfesa Pei, shugaban sashen tiyata. A ba shi haƙƙinsa, hannunsa na da kyau, mutane da yawa suna cin abinci yau saboda shi. Binciken na wani magani ne da wani kamfani ya haɗa, ana sa wa mara lafiya bayan tiyata don ɗinkin ya yi saurin kamawa. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu aka ɗauka, rabi an ba su, rabi ba a ba su ba, za a duba wa ke raye bayan shekara. Asibitocin gundumomi shida suna jiran sakamako su fara ba nasu marasa lafiyar. Sai 'yar Yaya Sang ta haihu a birnin Zhengzhou dab da sabuwar shekara, dole ta je ta zauna mata watan jego. Aka miƙa kiran ƙarshe na bin sawun marasa lafiyan ga Dokta Dou, wanda digirinsa na uku ya rataya a kan binciken.

Ta dawo ta buɗe rajista. Mutum huɗu kacal suka mutu a cikin ɗari biyu da goma sha biyu. Haba! Ita da ta yi shekara talatin tana ƙirga irin waɗannan mutane? Ta duba kwanan watan da aka yi kiran, sai ta ga daga ran uku ga sabuwar shekara zuwa ran shida ne. Ko rigar aiki ba ta gama sawa ba ta haura sama, ta sami Dokta Dou yana cin taliya da 'yan sandunan cin abinci a kan teburinsa.

"Dou, ajiye sandunan nan. Yaushe ka kira mutanena?"

"Lokacin hutu mana, Yaya Sang. Ɗakunan jinya babu kowa, kuma duk 'ya'yan marasa lafiyan sun dawo gida, ba lambar da ba a ɗauka ba."

"Ka ce musu me?"

"Na yi musu barka da sabuwar shekara, na tambaya ko kowa lafiya a gida."

"Suka ce?"

"Suka ce lafiya lau."

"Ka kira sunan mara lafiyan? Ka ce a ba shi waya? Ka tambaya ko yana da rai?"

Ya zaro ido. "Ran uku ga wata? Yaya Sang, wa zai buɗe baki ya tambayi mutane haka ana tsakiyar biki? Kakata ma sai ta mare ni."

"Madalla da ɗan kirki! Kai ba za ka iya tambaya ba, su kuma kana so su iya faɗa? Duk karatun nan naka, ba a koya maka cewa kafin sha biyar ga wata ko gawa ce kwance a ɗaki lafiya lau za a ce maka ba?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ya san al'adar sarai, shi ya sa bai tambaya ba, amma bai kawo a ransa cewa ta ɗaure bakin waɗanda ke ɗaya gefen wayar ba. Ya bi ladabi, sun bi ladabi, aka rubuta ƙarya a rajistar da za ta ɗauki hatiminta.

Ta sake kiran kowa da kowa, ta ce a ba ta mara lafiyan ta ji muryarsa. Gida goma sha shida aka yi ta kwana-kwana, wai ya fita, wai yana barci, wasu suka kashe waya da jin sunan asibiti. Ta ɗauki jakarta da filas ɗin ruwan zafi ta hau bas.

Ba ta bukatar tambayar kowa. A sabuwar shekara kowane gida yana manna jajayen takardun fatan alheri a ƙofa, gidan da aka yi rashi kuwa farare yake mannawa a shekarar farko. A ƙauyen Liugou tun daga bakin hanya ta hango ƙofar tsoho Jin, mai lamba tamanin da bakwai a rajistarta. Fara fat. Matarsa na zaune a tsakar gida tana ɓare masara.

"Inna, sannu da aiki. Ni ce Sang ta asibiti."

"Na gane ki, 'yar nan. Shigo, kin sha hanya. Kin ci abinci?"

"Na ci, Inna. Yaushe ne?"

"Wata na goma, bayan an gama girbi. Wurin ɗinkin ne ya ƙi. Ya ce shi ba za a sake mayar da shi asibiti ba, a bar shi a gadonsa."

"Wani likita ya kira ku da sabuwar shekara."

"Ya kira. Ɗana ya ɗauka, muna zaune za mu ci jiaozi, ƙullin fulawa mai nama na biki, jikoki duk suna wurin. Me zai ce masa? Yaron kirki ne, ya gaishe mu da kyau." Tsohuwar ta dube ta. "Ba mu yi laifi ba dai ko?"

"Ba ku yi ba, Inna."

Kwana goma sha ɗaya ta yi tana yawo a cikin duwatsu. Bakwai ta same su da rai, ɗaya har ya zage ta don ta katse masa wasan kati, ta kuma ji daɗin zagin. Gida tara farar takarda. Kowane gida ta rubuta ranar rasuwa da abin da ya faru, sakataren ƙauye ya buga hatimi, mai gida ya dangwala yatsa da jan tawada. Da ta dawo ta sa aka duba mata jerin rukuni: bakwai daga cikin taran suna cikin waɗanda aka ba sabon maganin.

Farfesa Pei ya karɓe ta da fara'a, ya zuba mata shayi da kansa. Ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko layi ba, sannan ya jera su ya ɗora hannu a kai.

"Yaya Sang, kin yi ƙoƙari. Amma ba a asibiti suka rasu ba, babu likitan da ya duba. Wa ya san ko zuciya ce, ko sanyi? An riga an rufe lissafi, mujallar likitoci ta karɓi rahoton. Abin da za a yi, a cire su daga masu rai, na yarda. A rubuta ba a same su ba. Kowane bincike yana da irin wannan layin."

"Ba a same su ba?"

"Ƙa'ida ta yarda da shi."

"Shugaba Pei, ni na same su. Tashi mu je in nuna maka. Tsoho Jin yana bayan gonar masararsa, ƙarƙashin wani babban itace, ƙasar ma ba ta gama kwanciya ba. Ba inda ya je. In akwai waɗanda ba su da wahalar samu a rajistar nan, ai su ne!"

"Rage murya, Yaya Sang."

"Ba zan rage ba! Asibiti shida za su ɗura wa iyayen mutane abin nan saboda lissafinka. Ban ce maganin ne ya kashe su ba, ni ba likita ba ce. Na ce ka rubuta sun mutu, masu ilimi su duba. Wannan ma ya gagara?"

Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya dai jawo wata takarda daga gefe ya gyara mata zama a kan tebur yadda za ta gan ta da kyau. Takardar sake ɗaukarta aiki ce na shekara biyar bayan ritaya, saura sa hannunsa. Ya ce ta je ta yi tunani, hatiminta kawai ake jira.

Kada wani ya ce maka ba ta yi tunanin ba. Ta yi, kwana uku. Mijinta ya ce mata ta buga abinta ta huta, su waye su da za su ja da farfesa. Ita kanta ba ta san abin da za ta yi da safiya ba in babu ɗakin nan na ƙasan bene, tana son aikin fiye da yadda take iya faɗa. Amma duk sanda ta ɗauko hatimin sai ta ga matar Jin tana tambaya ko sun yi laifi. Ran na huɗu ta kwashi takardun tara ta kai wa kwamitin da ke sa ido a kan bincike, a hawa na biyar. A bakin ƙofa ta tarar da Dokta Dou, fuska duk ta faɗa, riƙe da littafin kiran da ya yi.

"Me ya kawo ka?"

"Za su tambayi kwanan wata, Yaya Sang. Gara su ji daga bakina."

"Digirin fa?"

"Zai jira."

"To shige gaba, kada ka tsaya min a hanya kamar turmi."

Wata biyu kwamitin ya yi yana jan ƙafa, sannan ya fitar da 'yar takarda mai layi huɗu. A gyara lissafi, a janye rahoton, a dakatar da maganin sai an sake dubawa. Ba a ambaci sunan kowa ba. Farfesa Pei yana nan a kujerarsa har gobe, a taron shekara ma shi ya yi jawabi a kan muhimmancin bin sawun marasa lafiya, aka tafa masa. Takardar sake ɗaukar Yaya Sang kuwa ba a sake jin labarinta ba. Ranar sallamarta aka ba ta sabon filas da furen roba, aka ɗauki hoto, mutumin da ya karanta tarihin aikinta ya yi kuskuren shekarun, ya ce ashirin da ɗaya. Ba ta gyara masa ba, ta gaji.

Aka ce ta miƙa makulli da hatimi kafin ƙarfe biyar. Ƙarfe huɗu da rabi ta sauka ɗakin ajiya. Katunan tara suna hannunta, kowanne da ranar rasuwa da jan hatiminta a ƙasa, ta mayar da su wurarensu. Sannan ta wuce shiryayye na uku, kusa da taga. Ba ta yi lalube ba. Katin ya yi rawaya, gefensa ya fara cinyewa, rubutun dai yana nan: an sallame shi, ya samu sauƙi.

Shekara talatin da ɗaya tana wuce shi safe da yamma. Ta yi faɗa da farfesa a kan iyayen wasu, ta hau duwatsu don mazajen wasu, nata uban ta bar shi kwance a nan yana samun sauƙi. Kunya ta kama ta, da wani irin haushin kanta da ya fi wanda ta ji a ofishin Pei. Ta zauna a kan akwati ta cire murfin biro. A layin ƙasa ta rubuta: ya rasu a gida, kwana biyu bayan sallama, ɗinki ya saki. Ta sa kwanan wata, ba ta bukatar tambayar kowa. Inda aka ce wanda ya ba da labari, ta rubuta: 'yarsa.

Ta hura wa hatimin iska, ta danna shi da ƙarfi.

"Baba," ta ce, "yi haƙuri, na daɗe."